Mutum Ɗaya, Kifi Ɗaya

Ni tela ne a Funtuwa, kuma duk wanda ya taɓa kawo mini ɗinki ya san ba ni da haƙuri. In mutum ya tsaya yana jujjuya yadi, yanzu ya ce kaftani anjima ya ce jamfa, sai in ce ya je gida ya yi shawara ya dawo. Wuri ɗaya ne a duniyar nan nake iya zama shiru ba ƙorafi, shi ne bakin ruwa, da sandar fatsa a hannuna. Wannan kuwa wurin Baba na gada.

Ƙauyenmu yana ta wajen Maska, a gefen wani babban gulbi da aka datse tun ina ƙarami. Da ruwa ya taru sai ya haɗiye gonaki da dama, har da ta Baba, wata fadama mai albarka da ɗorawa a tsakiyarta. An ba shi wata a kan tudu, ya ci gaba da noman auduga da masara, amma bai taɓa daina kiran waccan "gonata" ba. Da rani, in aiki ya yi sauƙi, sai ya saɓi gorarsa ya ɗauki gwangwanin tana ya nufi dam. In aka tambaye shi ina za shi, sai ya ce za shi duba amfani. Mu ba masunta ba ne, ba mu taɓa sayar da ko jelar kifi ba. Nishaɗi ne kawai, da ɗan abin da za a jefa a miya. A gefensa na koyi ɗaura ƙugiya da soka tana, kuma ko bayan na koma birni, duk Juma'ar da na samu sarari sai in hau babur in tafi gida mu zauna tare.

Da hannunmu muka kashe ruwan nan, ba wani ya zo daga nesa ya kashe mana ba. An raba gidan sauro kyauta don mata masu ciki da yara, sai wani mai dabara ya gano cewa in aka ɗinke biyu ko uku wuri guda, ba komar da ta kai shi kamu. Kafin ka ce kwabo, rabin gidajen sauron garin suna cikin ruwa, sauro kuma yana cikin ɗaki yana shagalinsa. Abin ba ya barin komai, har 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon allura ba yana kwashewa, a shanya su a tabarma a daka a zuba a miya. Wasu kuma da suka ga wannan ma wahala ce, sai su ɗebo ragowar maganin feshin auduga su tsiyaya a lungun ruwa, kifi ya taso ciki sama su bi suna tsinta. Na sha ɗaga murya a kan wannan har aka fara ce mini lauyan kifi. Aka wayi gari mutum zai wuni a bakin dam bai ga ko motsi a zarensa ba.

Da abin ya kai intaha, Sarkin Ruwa ya je wurin dagaci, dagaci ya kira ma'aikatan da ke kula da kifi daga ƙaramar hukuma, aka zauna a ƙofar fada. Sarkin Ruwanmu dattijo ne siriri mai ƙaramar murya, amma in ya faɗi magana a kan ruwa ba ya maimaitawa. Aka yanke cewa za a rufe dam damina biyu a jere, ba koma, ba birgi, ba fatsa. Wanda aka kama da gidan sauro ko magani, hukuma ce za ta ji da shi. In kuma an buɗe, masunta masu jirgi suna da tasu ƙa'idar ta idon koma, mu 'yan fatsa muna da tamu. Na koma Funtuwa ranar ina ta murna kamar ni aka yi wa naɗi.

Murnar ba ta daɗe ba, don a cikin rufin nan ne jikin Baba ya fara saki. Ba wata cuta ce da likita ya iya sa wa suna ba, tsufa ne da ƙin abinci. Yayata, wadda ta dawo gida tana jinyarsa, ba irin abin da ba ta girka ba. Ta dama kunu, ta yi fate, ta yanka kaza, sai ya taɓa kaɗan ya ture kwano. Wata rana na zauna kusa da shi ina lallashi, sai ya dube ni ya ce, "Kai tela, ku bar wahal da kanku. Ni ba abin da raina ke so sai romon ragon ruwa na gonata."

Ragon ruwa kifi ne mai dogon gashin baki da tsoka fara mai laushi, ƙayarsa kaɗan, ko marar haƙori zai ci ya more. A da yana zama a ramukan da ke tsakanin saiwoyin ɗorawar nan da ruwa ya ci. An yi shekaru ba wanda ya gan shi.

Yaya mace ce mai tausayi da saurin dabara. Ba ta shawarci kowa ba ta aika kasuwar Funtuwa aka sayo mata tarwaɗa irin ta kiwo, ta cire kan, ta dafa da citta da masoro, ta kai masa tana cewa wani ne ya kawo daga dam. Baba ya kurɓi romo sau ɗaya ya ajiye ludayi. Ya ce, "Wanga kifi abincin kaji ya ci ya girma. Kuma in da gaske daga dam yake, to ku maida wa mai shi, ni ba ni cin na sata." Daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Na fito waje ranar na daɗe a tsaye a zaure, don na gane abin da ke gabana. Ruwa a rufe yake sai bayan girbi, Baba kuma kullum ƙara ramewa yake. Ban san wanda zai riga wani ba, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai.

Allah da ikonSa, Baba ya ga girbin. Masara ta shiga buhu, dawa ta shiga rumbu, sai mai shela ya zaga gari ya ce ranar Asabar za a buɗe ruwa ga 'yan fatsa, daga hantsi zuwa kiran la'asar. Ya jero ƙa'idar yadda kowa zai ji. Sarkin Ruwa zai ba kowane mutum guntun karan dawa da ya yanka da hannunsa, duk kifin da bai kai tsawon karan ba a mayar da shi. Sannan mutum ɗaya, kifi ɗaya. In ka kama wanda bai yi maka ba, kana iya cire ƙugiya ka sake shi tun yana cikin ruwa. Amma da zarar ka fitar da shi tudu, ya zama rabonka, sai ka naɗe zarenka. Ba ajiye wa wani, ba musanya. Wanda ya saɓa, a karya gorarsa a gaban jama'a, kuma shi da ruwa sai baɗi.

Ana gobe buɗewa na rufe shago na tafi gida. Na samu Baba a kwance a kan tabarma a inuwar ɗakinsa, muryarsa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya. Ya ce in wuce inda jama'a za su taru, in bi gefe har wurin wani dutse da ya kutsa cikin ruwa. In na tsaya a kansa na sa hasumiyar masallacin gari a bayan ƙeyata, to ɗorawa tana gabana, nisan jifa mai kyau. Ya ce kada in sa tana, karfasa za ta dame ni, in nemi hanjin kaza da ya kwana. Sannan ya riƙe hannuna ya ce, "Ba karfasa na aike ka ba fa."

Da safe bakin dam ya cika kamar ranar kasuwa. Har waɗanda ban taɓa ganinsu da gora ba sun zo, wasu daga Danja a kan babura, kowa da karansa a aljihu. Na karɓi nawa na bi gefe zuwa dutsen. Taubashina, ɗan kawuna, ya biyo ni, ba don taimako ba sai don ya samu abin tsokana, aikinsa ke nan tun muna yara. Na ɗaura tsohon fulogin babur a zare don ya nutsa da ƙugiya ƙasa, na soka hanji, na yi bisimilla na wurga.

Ba a jima ba ihu ya fara tashi daga can inda jama'a suke. Ruwa ya dawo! Kowa ya jefa sai ya ja, karfasa manya-manya masu faɗin faranti, ƙurungu, tarwaɗa. Mutanen da suka zage mu a kan rufe dam su ne suka fi kowa ɗaga kifi sama suna kabbara. Taubashina ya jefa tanarsa, kafin ya gyara zama ya ciro wata karfasa da ta wuce kara nesa, ya fitar da ita tudu, ya naɗe zare, ya miƙe ƙafa ya zuba mini ido.

Ni ma zarena ya motsa. Na ja, na ji nauyi, amma da ya matso sai na ga tarwaɗa ce, ƙatuwa kuwa, irin wadda a wata rana zan zaga gari da ita. Na durƙusa a bakin dutse na zare ƙugiya tana cikin ruwa na sake ta. Taubashina ya dafe kai. "Innalillahi! Malam tela, mi na gani haka? Abinci ya zo har hannunka ka ce mashi sai anjima?"

Ban kula shi ba na sake jifa. Aka jima wata tarwaɗar ta zo, na sake ta. Ƙurungu ya zo yana ƙugi, na sake shi. Labari ya kai wurin jama'a cewa ga tela can yana raba wa kifi hanjin kaza sadaka, sai waɗanda suka gama nasu suka fara tahowa kallo. Wani ya ce wai awo nake musu zan ɗinka musu riga. Wani ya ce lauyan kifi ne, ba ya iya cin waɗanda yake karewa. A shagona da tuni na wanke mutum tas, amma ranar na haɗiye, na maida ido kan zarena.

Muka yi azahar a bakin ruwa. Bayan nan sai komai ya tsaya cik. Kifi ya daina ci, rana ta buɗe, dutsen ya yi zafi har ina ɗaga ƙafa ɗaya ina sauke ɗaya. Hanjin ya kusa ƙarewa. Taubashina da ya ga abin ya wuce wasa sai ya matso ya rage murya. "Don Allah ka ji. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Duk abin da ya ci yanzu ka fid da shi, ko mi ne ne, a kai ma tsoho. Ko kau ka jefo cikin buhuna, wa zai gani? Ka ci gaba da neman ragonka."

Na san don ƙauna ya faɗa, kuma wallahi maganar ta shige ni. Komawa gida hannu rabbana ya fi mini komai ciwo. Amma na san wanda ya aiko ni, na san tambayar farko da zai yi. Na ce masa ya koma ya zauna, ya kuma yi mini addu'a in ya iya.

Ladanin garinmu ma ya zo fatsa bayan azahar, ya kama tasa karfasar yana zaune ana hira. Can sai na ga ya dubi inuwa, ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar gari. Kowa a bakin ruwan ya san ma'anar wannan, yana isa masallaci an rufe. Na soka guntun hanjin da ya rage, na waiga na daidaita hasumiya da ƙeyata, na ɗan karkata hagu kaɗan da inda nake ta jefawa tun safe, na wurga da iyakar ƙarfina. Fulogi ya faɗa ya nutse. Ina riƙe da zare, ina satar kallon farar hular ladan tana hawan tudu tsakanin kututturan dawa.

Ba fizga aka yi ba. Zaren ne kawai ya fara tafiya a hankali, kamar wani ya ɗauka a ƙasa zai wuce da shi gida. Baba ya sha gaya mini cewa haka manya suke ci, ba sa gaggawa. Na bar shi ya tafi, na bar shi ya ƙara, sannan na ɗaga gora da ƙarfi. Gorar ta lanƙwashe har kanta ya taɓa ruwa, ni kuma na ji kamar na ɗaure zarena a ƙafar bijimi.

Abin da ya biyo baya ban iya tsara shi daki-daki ba. Na san ya nufi saiwoyi, kuma in ya shiga cikinsu zare ya tsinke an gama. Na yar da gora na kama zaren da hannu, ya yanke ni a yatsu ban ji ba sai daga baya. Na sauka daga dutse na shiga ruwa har ƙugu ina ja gefe don in raba shi da ɗorawa. Santsi ya kwashe ni, sai na ji an damƙe wuyan rigata ta baya. Taubashina ne, ya shigo da kayansa yana ihu a kunnena, "Sassauta mashi! A'a, ja! Kai, sassauta!" Masu dariya duk sun yi tsit, sai masu salati. Ana cikin haka kiran la'asar ya taso daga gari.

Wani daga baya ya ce ai shi ke nan, an rufe ruwa, a yanke zare. Na waiga, sai ga Sarkin Ruwa tsaye a kan dutsen da sandarsa, ban san lokacin da ya iso ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce da 'yar muryar nan tasa, "Kifin ga ya ci tun ladan na bisa hanya, da idona na gani. An hana jifa bayan kira, ba a hana mutum fid da abin da ya riga ya kama ba. Tela, ja abinka."

Na ja. Ya yi ƙasa na bi shi da haƙuri, ya taso na karɓe zare, har ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Da ya juyo kusa da mu sai na ga dogon gashin bakin, na ga farin cikinsa ya walƙa a ruwa. Ragon ruwa ne! Na cusa hannu a ƙarƙashin kumatunsa, ina kaffa-kaffa da ƙayar gefensa, na rungumo shi na fito tudu ina tangaɗi. Bakin dam ya ɗauki kabbara gaba ɗaya. Ni kuwa, ƙato da ni, da gemu, na zauna a ƙasa jiƙe sharkaf na fashe da kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Sarkin Ruwa ya sauko ya ciro karansa. Jama'a suka kwashe da dariya, don kifin ya kai tsawon hannuna tun daga kafaɗa. Ya ce doka doka ce, sai an auna. Ya ɗora kara ya ɗaga, ya sake ɗorawa ya ɗaga, bai kai jela ba ya haƙura. Ya shafa bayan kifin ya ce rabon da ya ga irinsa tun kafin a fara shiga ruwa da gidan sauro, kuma in wannan yana nan, to 'yan'uwansa ma suna nan. Mutumin da ya ce awo nake yi wa kifi shi ne ya cire rawaninsa ya ba ni in naɗe yatsuna.

Muka yi sallah a gurguje, taubashina ya ja babur, ni ina baya rungume da kifi a cikin jiƙaƙƙen buhu. Duk inda muka ratsa yana danna oda yana shela kamar shi ya kama. Na bar shi, ya ci wannan.

Yaya ta fito ta gani ta rufe baki da hannu. Ban bari ta taɓa ba sai da na kai wa Baba. Na shimfiɗa buhun a gaban tabarmarsa na buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a tayar da shi zaune. Ya miƙa hannu ya ja gashin bakin kifin a hankali.

Ya ce, "Nawa ka kama kafin shi?"

Na ce, "Da yawa, Baba. Duk na sake su a ruwa."

"Ba ka fid da ko ɗaya tudu ba?"

"Ko ɗaya. Sarkin Ruwa na wurin."

Ya gyaɗa kai. "To, a dafa."

Yaya ba ta cika masa kayan yaji ba, gishiri ne da 'yar albasa da daddawa kaɗan, yadda yake so tun da. Kafin magariba ƙamshi ya cika gidan. Ta zuba romo da tsoka a kwano ta kawo, ta ɗauki cokali za ta ba shi a baki kamar yadda ta saba, sai ya kawar da hannunta. Ya jawo kwanon gabansa ya sa hannunsa. Muka zauna muna kallonsa, yana gutsura yana kaiwa baki, romo yana bin gemunsa. Ya cinye ya ɗaga kwano ya shanye, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Yaya ta juya baya tana share ido da gefen zane.

Rabon da mu ji Baba ya yi zancen wayewar gari tun farkon ciwonsa, kullum maganarsa ta wasiyya ce da inda za a sa shi. Da Yaya ta zo ɗauke kwano sai ya riƙe gefensa ya ce, "Ina kan?"

Ta ce yana tukunya.

Ya ce, "Kada wanda ya taɓa mani shi. A rufe da kyau, a ɗumama da safe. Gobe zan ci."